Kilishin Damina da Jan Biron Malam Georges

A cikin masu kilishin Garwa ta ƙasar Kamaru, Mahfuzu ɗan Hayatu ne kaɗai ke naɗe tabarmin shanyarsa da zarar damina ta kankama. Daga tsakiyar Yuli har ƙarshen Oktoba, ko da buhun kuɗi ka zo masa ba zai sayar maka da falle ɗaya ba. Tsire zai gasa maka, balangu zai yanka maka, amma kilishi kam sai rana ta dawo. 'Yan'uwansa mahauta na kiransa matsoracin hadari. Wasu ma cewa suke wani malami ne ya gindaya masa sharaɗi. Duk zancen banza ne. Kunya ce ta sa shi, kuma kunyar tana da ranar da ta kama shi.

A unguwar Hausare aka haife shi, shekara arba'in da bakwai da suka wuce. Kakansa ya biyo fataken shanu ne daga ƙasar Katsina, ya ga kogin Binuwai cike da ruwa, ya ce ya iso. Mahaifinsa Hayatu shi ne ya yi wa gidan suna. Mutum ne siriri, marar yawan magana, wanda in ya ɗauki tsokar cinya ya fara buɗe ta da wuƙa, sai ka ga ta miƙe kamar ana warware rawani. Yana da al'ada guda da duk Garwa ta san shi da ita. Ba ya karɓar kuɗin mutum sai ya tsinko ɗan kilishi a bakin wuƙa ya miƙa masa, ya ce ya shinshina tukuna kafin ya kai baki. Yakan ce, "Ba ni nake sayarwa ba, hancinka ne ke saye." Wannan suna na Hayatu shi ne duk gadon Mahfuzu. Ba gona, ba gidan haya, sai wuƙa biyu da sunan uba, kuma da su yake ciyar da mutum takwas har gobe.

Boko kuwa ya taɓa shi sama-sama. Malaminsa wani ɗan kudu ne, dogo, baƙi, mai suna Georges, wanda aka turo Garwa yana saurayi, ya kama hayar ɗaki a Hausare, katanga ɗaya tsakaninsu da gidan Hayatu. Yaran unguwa da bakinsu bai iya faɗin "monsieur" ba, wato malam da Faransanci, sai suka mayar da shi Mushe Georges. Hayatu ya ce a kai kasuwa, mahauci ba ya kiran mutum mai rai mushe. Shi ya fara ce masa Malam Georges, unguwa duka ta ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ya yi a cikinsu, ya yi aure ya kawo matarsa, ya haifi 'ya'ya, ya koyi Hausa har yana yi wa tsofaffi ba'a da ita.

A aji kuwa ba ya wasa. Yana da doka: wanda ya yi kuskure a rubutu zai tashi ya tsaya a gefen allo, ya sake aikin a tsaye, ya kawo. In bai gyaru ba, ya koma ya ci gaba da tsayuwa. In ya gyaru, Malam Georges ba zai ce madalla ba, ba zai yi murmushi ba. Zai zaro jan biro daga aljihun gaba ya rubuta harafi biyu a ƙasan shafin: Vu. Da Faransanci ma'anarsa "an gani", amma a ajin nan ma'anarsa magana ta ƙare, je ka zauna. Mahfuzu ya fi kowa sanin gefen allon nan, domin tsayuwarsa ta fi zamansa yawa. Ba daƙiƙi ba ne, bakinsa ne ke riga kansa. Da ya kai aji biyar, idon Hayatu ya fara rauni, aka cire shi aka ba shi wuƙa. Malam Georges ya zo har ƙofar gida sau uku yana roƙo a bar yaron. Hayatu ya ce, "Malam, wuƙa ma makaranta ce." Bayan shekara biyu aka mayar da malamin kudu, labarinsa ya yanke.

To, akwai wata ɗabi'a ta mahautan Garwa da sai na faɗe ta za a gane abin da ya biyo baya. A garin nan kasuwa da Fillanci ake cinta, ofis kuma da Faransanci. Hausa ta zama ɗakin cikin mahauta. Mai saye na tsaye a gaban tebur, ana yi masa murmushi da "wi madam", a lokaci guda ana faɗa wa na kusa da Hausa cewa wannan fa tun safe take latsa nama ba ta da niyyar saye. In ɗan kudu ne ma abin ya fi sauƙi, an riga an yanke cewa ba ya ji. Gadamayo ake ce musu, kalmar Fillanci ce, wato mutanen bayan kogi. Hayatu bai taɓa yin wannan ba. Mahfuzu kuwa gwani ne, majalisar mahauta ba ta cika sai ya zauna. Maganar tana fita iska ta kwashe, ba a taɓa kama shi ba, shi ya sa ya ɗauka ba laifi ba ne.

Shekara shida da suka wuce waya ta buɗe masa wata kasuwar. Wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Duwala ya karɓi lambarsa, ya riƙa sa shi yana aika masa kilishi ta motar fasinja. Wannan ya faɗa wa wancan, wancan ya faɗa wa matarsa. Da kira ya yi yawa, sai matar Mahfuzu, Sadiƙa, wadda ta yi boko har ta gama kwaleji, ta buɗe masa zaure a Watsap, ta sa masa suna Kilishin Hayatu. Kafin shekara ta zagayo mutum ɗari da sittin ne a ciki, galibinsu 'yan kudu da suka taɓa zama a arewa, bakinsu ya saba.

Kai, Mahfuzu ya ji daɗin zauren nan! Da safe ya ɗauki hoton nama shimfiɗe a rana ya saka, nan da nan a fara: wannan ya gaishe shi, wannan ya ce a ƙara masa barkono, wancan ya tambayi yadda zafin Garwa yake. Shi kuma ya danna ya amsa da murya, cikin Faransancinsa na aji biyar, ana dariya ana kiransa "patron", wato maigida. In rubutu ya yi tsawo, Sadiƙa ta karanta masa. Abu ɗaya ne ya ɓace a wannan sabuwar kasuwa, bai kuma lura ba. Ba a miƙa bakin wuƙa ta cikin waya. Mutanen nan duk ba su shinshina ba suke biya, sunan Hayatu suke saye.

A cikinsu akwai wata Madam Honorine ta Yawunde. Hoton fure ne a lambarta, bai san fuskarta ba. Duk ƙarshen wata takan sayi falle biyu rak, ta roƙi a ƙara kanumfari, ta kuma jaddada a naɗe mata a takarda, kada a sa leda. Shekara uku tana haka. Bai taɓa tambayarta dalili ba, a ransa dai ya sa ta cikin masu iyayi.

Sai watan Agusta na bara waccan. Bikin Kiristoci na sha biyar ga wata ya matso, saƙonni suka yi ta shigowa har Mahfuzu ya karɓi aikin da ya fi na kullum ninki uku. Ya yanka, ya shimfiɗa, ya tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da kayan yaji da ake shafe naman da shi, ya mayar shanya ta biyu. A nan sama ta ce ba ta san zancen ba. Kwana uku ana tsuga ruwa, in ya tsagaita sai gari ya yi luf babu rana. Ya kwashe ya kai zaure, ya kunna fanka, ya kara a wuta. Gefe ya bushe, tsakiya kuwa in ka danna da yatsa tana lotsawa.

Sadiƙa ta taɓa falle ɗaya ta ce, "Baban Kausar, wannan bai yi ba."

Ya ce, "Zai ƙarasa a hanya."

"A cikin mota? Wace rana ce a cikin mota?"

Ya ce mata ta kula da tukunyarta. Ya naɗe a takarda, ya kuma zura kowane ƙunshi a leda saboda ruwa, har da na Madam Honorine. Ya sani sarai. Hannun da ya yi shekara talatin da uku yana taɓa kilishi ba ya ruɗewa. Amma ya ce a ransa, masu biki ne, kafin su lura sun cinye.

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, yana tsugune yana kwaɓa yajin tsire, saƙo ya shigo zauren. Madam Honorine ce. Layi uku ta rubuta, har shi kansa ya iya karantawa. Ta gaishe shi, ta ce kilishin wannan karon ya iso da warin fumfuna, ta tambaya cikin ladabi ko jinkirin mota ne ya jawo. Ba zagi, ba neman a mayar mata da komai. Ƙofa ma ta buɗe masa, in yana son fita.

Amma a gaban mutum ɗari da sittin! Kunnuwansa suka yi zafi. Nan take amininsa Ilyasu, dillalin shanu da ke zaɓar masa dabba a kasuwa, wanda shi ma yana cikin zauren, ya saka 'yar fuskar nan mai zare ido. Mahfuzu ya ga hoton Ilyasu ya bayyana a ƙasan allon wayar, ya ɗauka wurin Ilyasu ya shiga. Hannu duk yaji, ya danna da ɗan yatsansa ƙarami, ya buɗe baki kamar yana majalisa.

"Ilyasu, ka ga 'yar gadamayon nan ko? Wai fumfuna! Hancin da ya tashi cikin warin jiƙaƙƙen rogo, yaushe ya san fumfuna? Falle biyu take saye a wata, amma iyayi kamar ita ta sayi saniyar. Gaskiya dai tsakanina da kai bai gama bushewa ba, ruwan nan ne ya cuce ni, na ce su gadamayo ai komai ka ba su ci suke. Bari in ce mata laifin direba ne."

Ya saki, ya ajiye wayar a kan benci, ya ci gaba da kwaɓa yajinsa har yana 'yar waƙa.

Ba a yi rabin awa ba sai ga Ilyasu a kan babur, ko tsayar da shi bai gama yi ba ya diro.

"Kai Mahfuzu! Wayarka ta mutu ne? Sau nawa zan kira?"

"Lafiya?"

"Ina lafiya! A zaure ka zuba, mutumin banza, a zaure!"

Mahfuzu ya wawuro wayar daga kan benci. Suka haɗa kai a kan wayar, Ilyasu ya goge saƙon, amma kafin ya goge ya nuna masa jerin waɗanda suka riga suka saurara. Mutum hamsin da uku. Sunan Madam Honorine ne na huɗu. Magana zarar bunu ce, Hausawa suka ce, to wannan bunun a tsakiyar kasuwa aka zare shi.

Abin da ya fi muni shi ne yadda ya lallashi kansa. Ya ce wa Ilyasu, "To ai Hausa na yi. Su wa ke ji a cikinsu?" Ilyasu ya dube shi kawai, ya hau baburinsa. A gida ma haka ya faɗa wa Sadiƙa. Ta ajiye masa tuwo ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi yana kwata, ana fiɗar sa, saƙon murya ya shigo masa shi kaɗai, ba ta zaure ba. Hoton fure. Ya koma gefe ya kara a kunne yana shirin jin ruwan Faransanci. Abin da ya fito sai ya sa ya dafa bango.

"Salamu alaikum, Yaya Mahfuzu. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali?"

Hausa ce tsantsa, Hausar Hausare, irin ta tsofaffin matan unguwa da yanzu ma ba a cika ji ba.

"Ba ka gane ni ba, ban kuma yi mamaki ba, ina 'yar shekara bakwai muka bar Garwa. Hanne ce, ta gidan Malam Georges. Innarka ce ta sa mini sunan, don Honorine ya yi mata nauyi a baki. Na so in faɗa maka tuntuni, Baba ya hana. Ya ce in ka sani za ka ƙi karɓar kuɗi, shi kuwa ba ya son a ci guminka."

Ya ji kukan kaza a bayanta.

"Kilishin nan ba ni nake ci ba. Baba ma ba ci yake ba, haƙoransa sun ƙare, idonsa ma saura kaɗan. Buɗe takardar yake yi ya ɗora a cinya, ya yi ta shinshinawa. Ya ce in ya shaƙa sai ya ga ƙofar gidan Baba Hayatu. Shi ya sa nake roƙon kada a sa leda. Ranar da wannan ya iso, ni na ce ba a busar da shi ba. Baba ya yi mini faɗa. Ya ce ɗan Hayatu ba zai naɗe ɗanyen kilishi ba ko za a yanka shi, in tambaya dai, mota ce. Shi ya sa ni na rubuta. Da amsarka ta shigo, na ga murya ce, sai na ƙara sauti na ajiye masa a kusa da kunne, don ya ji muryarka ya yi murna."

Mahfuzu ya runtse ido.

"Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce in ɗauke takardar daga cinyarsa. Shi ke nan abin da zan faɗa maka. A gaida Inna in tana raye. Sai an jima."

Inna ta shekara tara da rasuwa. Mahfuzu ya tsaya a jikin bangon kwata, jini da ruwa na bi ta ƙarƙashin takalminsa, bai san ya tsaya ba. Wallahi da zaginsa ta yi, da ya samu abin riƙewa. Da a zaure ta fasa shi, da ya ce an rama. Sai ta gaishe shi, ta kira shi yaya, ta rufa masa asiri. Ya tuna 'yar ƙaramar yarinya mai kitso biyu da ke zama a kan turmin innarsa tana cin ƙanzo. Ya tuna dogon mutumin da ya tsaya sau uku a ƙofar gidansu yana roƙo saboda shi. Wannan mutumin ne ya tsaya masa har a tsufansa, shi kuma ya kai masa amsa har cikin kunne. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda mutum ke jin ko fatarsa ma ba ya son a gani.

Ranar bai koma tebur ba. Ya aika mata saƙon murya mai tsawo, ya yi rantsuwa, ya kawo zancen ruwa, ya kawo zancen shaiɗan. 'Yan alamun nan biyu na gefen saƙo suka koma shuɗi, alamar an saurara. Amsa kuwa babu. Ya sake aikawa washegari, haka. Ilyasu ya leƙa wayar ya ce, "Ta bar ka a vu." Haka 'yan Garwa ke faɗa in an ga saƙonka an yi banza da kai. Mahfuzu ya ji kalmar ta soke shi, domin shi ba haka ya fara saninta ba.

Zauren ma ya yi tsit. Ashe akwai masu jin Hausa fiye da yadda ya zata, kuma wanda ya ji ya fassara wa wanda bai ji ba. Kullum ya buɗe sai ya ga wane ya fita, wance ta fita. Babu mai gaisuwar safe, babu mai tambayar zafin Garwa. A majalisar mahauta kuwa ya kasa zama. Ba wanda ya kore shi, dariya ma suke yi suna cewa tsautsayi ne, kowa na yi. Wannan dariyar ce ba ya iya ɗauka. In ya zo sai ya gaisa a tsaye ya wuce.

Sadiƙa ce ta gaji da ganinsa yana juya abinci a kwano. Ta ce, "Baban Kausar, ka yi ta ba wa baiwar Allah haƙuri a ɓoye kana jingina wa ruwa. Ruwa ne ya naɗe? Ruwa ne ya yi magana? A zaure ka yi ɓarna, a zaure za ka wanke."

Ya ce, "Sauran da ba su ji ba ma sai su ji."

Ta ce, "To su ji mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Kwana biyu yana kokawa da kansa. A na uku ya yi alwala kamar mai shirin salla, ya zauna a tsakar gida, ya danna. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fillanci, ya ƙarasa da guntun Faransancinsa. Ya ce kilishin sha biyar ga wata bai bushe ba, kuma ya sani kafin ya naɗe. Ya ce ba direba ba ne, ba ruwa ba ne, shi ne. Ya ce ya zagi mutanen da suka amince masa ba su gani ba, da kalmar da ubansa bai taɓa furtawa ba. Ya ce sunan da ke saman zauren nan ba nasa ba ne, na mutumin kirki ne, kada a haɗa su. Ya ce daga yau babu kilishi sai damina ta wuce. Muryarsa ta karye a wurin Faransancin, bai sake ɗauka ba, ya tura haka.

Wasu suka amsa da kyau, wasu suka ƙara fita. Aka tsaya a mutum tamanin da ɗaya. Madam Honorine ba ta fita ba, ba ta kuma ce uffan ba. Ya duba, ta saurara. Vu.

Haka ya yi Satumba, ya shiga Oktoba, yana gasa tsire yana kallon sama. Sai da aka yi kwana goma cur babu ɗigon ruwa, rana ta fito irin ta Garwa mai ƙona ƙeya, sannan ya ce wa Ilyasu ya nemo masa bujimi mai ƙoshi. Ya zaɓi tsokar cinya da hannunsa. Falle biyu kawai ya yi. Ya daka kanumfari da kansa, ya hana kowa taɓawa, ya zauna gadin shanya yana korar ƙuda da reshen dogon yaro. Da ya ɗaga falle ya ji ya yi ƙaras, ya kara a garwashi, ƙamshi ya tashi har maƙwabta suka leƙo. Ya tsinko ɗan kaɗan a bakin wuƙa ya kai hancinsa, ya daɗe a haka.

Sannan ya yagi falle ɗaya daga littafin makarantar 'yarsa Kausar, ya nemi biro. Sadiƙa ta ce ya kawo ta rubuta masa. Ya ce a'a. Rabonsa da rubuta jimla cikakkiya da Faransanci tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya jingina takardar a jikin bango, a tsaye, ya yi ta fama tun bayan azahar har aka kira la'asar, gumi na ɗiga a kanta. Layi biyar ya samu. Ya ce shi ne Mahfuzu ɗan Hayatu na aji biyar. Ya ce ya yi ƙarya kuma ya yi zagi. Ya ce ya sake aikin. Ya nemi gafara. Ya ninke ta ya sa a cikin ƙunshin, takarda zalla babu leda, ya kai tasha da kansa, ya tura wa Madam Honorine lambar ƙunshin ba tare da ya ƙara kalma ba.

Kwana biyu, uku, biyar. Ya san ya isa, domin an sa hannu an karɓa. Ya fara gaya wa kansa cewa ba dole ne a yafe masa ba, kuma gaskiya ne, ba dole ba ne.

Rana ta takwas, da hantsi, yana tsaye a bakin teburinsa yana wasa wuƙa, wayar ta yi motsi a aljihu. Hoton fure. Ba murya ba ce, ba rubutu ba ne, hoto ne guda ɗaya. Ya goge hannu a riga ya buɗe.

Takardarsa ce, shimfiɗe a kan cinyar wani tsoho, gefenta ya yi naso da man kilishi. An bi ta da jan biro tun daga sama. Hannun yana rawa, layukan sun karkace, wani wurin ma jan ya sauka a gefen kalmar da ake nufi, amma babu kuskuren da ya tsira. Inda ya rubuta "demende" an soke harafin e na tsakiya an ɗora harafin a. Inda ya manta harafin s an ƙara. Ya ƙirga da yatsa, goma sha ɗaya a layi biyar. Ya ji kunyar ta taso masa sabuwa, har ya juya wa titi baya don kada a ga fuskarsa.

Sai ya ja hoton ya duba can ƙasa. A kusurwar dama, inda aka saba, akwai harafi biyu manya-manya, an danna biron har ya kusa huda takardar.

Vu.

Ilyasu, da ya iso a lokacin yana neman a yanka masa balangu, ya same shi riƙe da waya da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Kai kuma lafiya? Wani abin ka sake turawa?"

Mahfuzu ya ajiye wayar a kan tebur. Ya jawo benci da ƙafa, ya zauna.